Yadda Ake Haɗa Kayan 'Yan Fashin Teku na Zamanin Da: Sutura, Makami da Sansani

A garin Hampton na jihar Bajiniya a Amurka, da garin Brixham da ke kudu maso yammacin Ingila, duk shekara jama'a kan taru su yi shigar 'yan fashin tekun da suka addabi jiragen fatake shekara 300 da suka wuce. Wasu biki ne kawai ya kai su, su sayi hular roba su ɗaure ido ɗaya, a yi hoto a watse. Wasu kuwa da gaske suke: da hannunsu suke ɗinka rigunansu, su kafa rumfa a bakin ruwa, su dafa abinci a kan itace, har mai kallo ya ga kamar an dawo da shekarar 1718. Aikin waɗannan na biyun za mu bi a nan, domin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ko mai shirya fim, ko telan da aka kawo wa irin wannan ɗinki, su san ta inda za su kama.

Fara da zaɓen shekara da mutum

Kafin ka sayi yadi ko ɗaya, tsai da shawara a kan wanda za ka zama. Zamanin da ake kwaikwaya ya faro daga wajen 1690 zuwa 1730, kuma ƙarfinsa yana tsakanin 1716 da 1726, lokacin su Edward Teach mai laƙabin Blackbeard, wanda aka kashe a tsibirin Ocracoke da ke gaɓar Amurka ranar 22 ga Nuwamba 1718. Kada ka ɗauka labarin tekun Karibiyan ne kaɗai. Bartholomew Roberts ma'aikaci ne a jirgin bayi da aka kama a Anomabu, gaɓar Ghana ta yau, a 1719, daga nan ya zama ɗan fashi. A kusa da Cape Lopez na ƙasar Gabon jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi a watan Fabrairun 1722, aka kai mutanensa gidan sarƙa na Cape Coast, aka rataye 52. Cikin waɗanda aka kama tare da su akwai baƙaƙen fata masu yawa, waɗanda aka sayar a matsayin bayi. Saboda haka baƙin mutum da ya yi wannan shiga bai ari tarihin kowa ba.

Shawarata ita ce ka zama talakan matuƙi, ka bar kyaftin. An rubuta cewa ranar da Roberts ya mutu yana sanye da jar falmaran ta alharini mai zane, da jan gashin tsuntsu a hula, da sarƙar zinariya a wuya. To, shi ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Sauran duk kayan aikin jirgi ne a jikinsu, irin wanda kowane ma'aikacin jirgin ruwa ke sawa. A shari'ar Anne Bonny da Mary Read, mata biyu 'yan fashin teku, da aka yi a Jamaika cikin Nuwamban 1720, wata mai shaida ta ce ta gan su da gajerun riguna na maza, da dogayen wanduna, sun ɗaure kawunansu da ƙyalle. Wannan shi ne kamannin gaskiya, ga shi kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sansanin da kowa kyaftin ne, da gani ka san wasan yara ne.

Yadi da launi

Lilin da ulu su ne yadin zamanin, sai auduga jefi-jefi. In ka sami lilin na gaske, madalla. In babu, nemi akoko marar sheƙi, ko farar auduga mai kauri. Hanyar gwaji a kasuwa: ciri zare ɗaya ka kusanta shi da ashana. Auduga da lilin kan ci wuta su bar toka mai laushi, ulu kan yi ƙaurin gashi, roba kuwa sai ta narke ta dunƙule. Duk wanda ya dunƙule, ajiye wa mai shi.

Rini na sinadari bai fito ba sai 1856, don haka launin da ke kashe ido ba ya cikin lissafi. Abin da kake so shi ne fari mai duhu-duhu, toka-toka, ruwan ƙasa, shuɗi, da ja marar haske. Shuɗin zamanin na baba ne, irin wanda har gobe ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, sai ka ce wa marini kada ya kai shi mabuga, domin ba a son ƙyalli. Toka-toka kuwa a gida za ka yi: jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ruwan tsamiya mako biyu, ka dafa yadin a ruwan bagaruwa, ka matse, sannan ka tsoma shi a ruwan ƙusar da ka tace ka sirka. Nan take zai juya. Kada ka bar shi ya daɗe a ciki, ruwan ƙarfe yana cin zare. A kwangilar tufafin da rundunar ruwan Ingila ta bayar a 1706 an ambaci riguna na lilin masu gidan dara shuɗi da fari, don haka in ka ga yadi mai ƙananan gidaje irin wannan, saye shi ba kuskure.

Ko wane yadi ne, wanke shi da ruwan zafi, ka shanya, ka goge, kafin almakashi ya taɓa shi. In ba haka ba, wankin farko rigar za ta tsuke.

Riga: nan ne aikin yake

Rigar ciki ita ce ginshiƙin shigar duka, kuma yankanta ba zai baƙunci wanda ya san yadda ake haɗa taguwa daga ƙoren saƙi ba: babu lanƙwasa ko ɗaya, duk gutsuren murabba'i ne, saboda yadi yana da tsada a lokacin, ba a yarda ko ƙyalle ya faɗi ƙasa ba. Ga matsakaicin namiji yadi uku da rabi mai faɗin inci 45 ya isa.

Yanke jikin rigar falle ɗaya, faɗi inci 30, tsawo inci 80. Hannuwa biyu, kowanne inci 22 da 22. Ƙyallen hammata biyu, inci 6 da 6. Wani ɗan ƙarami mai inci 3 da 3, ka raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa ya ba ka kusurwa-uku guda biyu na wuya. Kwala: awon wuyanka ka ƙara inci ɗaya da rabi, tsayi inci 6. Bakin hannu: awon wuyan hannu ka ƙara inci ɗaya da rabi, tsayi inci 2 da rabi. Don yankan ya miƙe, kada ka dogara da alli da rula kawai. Ɗan tsaga gefen yadin, ka kama zare ɗaya ka ja shi a hankali har ya fita, sai ka bi hanyar da ya bari da almakashi.

Yanzu ninka jikin biyu, ninkin ya zama kafaɗa, wato ba ɗinki a kafaɗa. A kan ninkin, tsaga inci 16 a tsakiya, ka bar inci 7 a kowane gefe. Daga tsakiyar wannan tsaga, sauko da wata ta inci 10 a gaba. Yi wa bakin wannan ta gaban siririyar kalmasa, kuma ka ƙarfafa ƙarshenta da ɗan ƙyalle ko ɗinki mai yawa, domin nan riga ke fara yagewa in an cire ta da gaggawa. Waɗannan kusurwa-uku biyu kuma ka dasa su a ƙarshen tsagar kafaɗa, dama da hagu. Su ne ke sa wuyan ya zagaye ya zauna.

Sai tattara. Bi bakin wuyan da ɗinki mai tazara sahu biyu, ka ja zaren har faɗin ya yi daidai da kwala. Ka jera tattarar da kan allura ɗaya bayan ɗaya, ta kwanta kamar haƙoran mataji, sannan ka ɗora kwalar da ka riga ka ninka biyu ka ɗinke gefunanta. Kowace tattara ta sami allurarta. Wannan wuri yana cin lokaci, amma shi ne abin da idon masani ke fara dubawa.

Hannu kuma, fara ɗinka ƙyallen hammata a gefe ɗaya na saman hannun. Tattara tsakiyar saman hannun, ka haɗa shi da jiki ta yadda tsakiyarsa za ta faɗa kan ninkin kafaɗa. Za ka ga ɗinkin ya sauko ƙasa da kafaɗarka, haka ake so. Daga nan rufe hannun daga hammata zuwa ƙasa, ka bar inci 4 a buɗe, ka tattara bakin ka sa masa abin wuyan hannu. Rufe gefen jiki, ka bar inci 9 na ƙasa a tsage. Rigar za ta kai maka kusan gwiwa. Kada ka rage ta: mutanen lokacin da ita suke suturta jikinsu a cikin wando, sukan cusa gabanta da bayanta tsakanin cinyoyi.

Game da ɗinkin kansa, keken ɗinki sai a tsakiyar ƙarni na 19 ya shigo, don haka duk abin da ido zai gani a yi shi da hannu. Yanke zare tsawon kamu ɗaya da rabi, ka ja shi a kan kakin zuma sau biyu don kada ya harɗe. Yi ɗinki mai komawa baya, wajen allura 8 zuwa 10 a kowane inci. In ka gama layi, rage bakin ɗaya, ka naɗe ɗayan a kansa, ka kwantar ka ɗinke, ta yadda ba zaren da zai warware a wanki. In mutum 20 za ka tufatar kuma lokaci ya ƙure, ban ga laifi ba ka ja dogayen layukan ciki da keke, amma kwala da bakin hannu da kalmasa da gidan maɓalli a bar wa allura.

Wando da rigar sama

Wandon matuƙi mai faɗi ne, ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan ko tsakiyar ƙauri, ƙafarsa a buɗe don hawan igiya. Nemi yadi mafi kauri da ka samu. Shimfiɗa wani tsohon wandonka mai yalwa a kai ka zana, ka ƙara wa kowace ƙafa har kewayenta ya kai inci 28 zuwa 30, ka zurfafa hantsa da inci 3, ka ɗaga bayan sama ya fi gaban. Ba a yi masa ƙubaka da zariya. Ana tattara ƙugun ne a cikin wani madauri mai faɗin inci 3, maɓalli biyu a gaba, ƙasa da su kuma wasu uku ko huɗu a jere inda zik yake a wandon yau. A baya a tsaga inci 4, a huda ƙananan ramuka biyu-biyu a zura igiya, da ita ake tsukewa ko sassautawa. Ramukan nan da basilla ake buɗa su, a ture zaren yadin gefe ba tare da an yanka ba, sannan a zagaye da ɗinki. Zoben ƙarfen da ake bugawa da inji na ƙarni na 19 ne.

Rigar sama gajeriya ce, iyakarta kwatangwalo. Waccan kwangila ta 1706 ta ce a yi ta da ulu toka-toka, a yi mata shafi ja, da maɓallan tagulla 15. A zafin Karibiyan ko gaɓar Afirka ta Yamma za ka iya yin ta da lilin mai kauri. Maɓalli na katako ko ƙaho ko ƙashi ko tagulla duk sun halatta. Mafi arha: yanka ƙananan faifai daga katako, ka lulluɓe kowanne da ragowar yadin, ka tattara bayan ka ɗaure.

Kai da ƙafa

Ƙyalle mai inci 32 da 32, a ninka kusurwa, ya isa wuya ko kai. Hular da matuƙan Ingila suka fi sawa saƙaƙƙiya ce ta ulu, mai kama kai, ana kiranta da sunan garin Monmouth. Ba mai saƙar hulunan sanyi zaren ulu na gaske ta saƙa ta da girma, ka cuɗa ta a ruwan zafi da sabulu har ta tsuke ta toshe. In hula mai kusurwa uku kake so, sami baƙar hula mai faɗin baki ta matsattsen ulu, ka kara ta a tururin tukunya, ka ɗaga bakin ta wuri uku, ka kama kowanne da ɗinki biyu, ka bar ta ta bushe a kan ƙwarya.

Dogayen takalman nan masu kaiwa gwiwa na mahaya doki ne, ba wanda zai hau igiyar jirgi da su. A cikin ɓaraguzan jirgin 'yan fashi mai suna Whydah, wanda ya nutse a gaɓar Cape Cod ta Amurka a 1717 aka gano shi a 1984, an tsinci ɗan ƙaramin takalmin fata da safar alharini. Ka ce wa baduku ya yi maka takalmi sau-ciki baƙi, marar tsini, mai harshe da ƙaramin abin ɗaurewa na tagulla, tafinsa na fata. A kan jirgi da yawa ƙafa ba takalmi suke yawo, in filin wasanku ba ƙaya wannan ma ya yi.

Makami da ƙananan kaya

Wajen baduku ɗin dai za ka yi ɗamara da kube. Ka nemi ƙirgin da aka jeme da bagaruwa, a baƙanta shi da kuloko ko a bar shi ruwan ƙasa, kuma ka hana shi yi maka ado irin na jakar Sallah.

Takobin jirgi gajere ne mai ɗan lanƙwasa, ruwansa inci 24 zuwa 27. Na wasa da katako ake yi: zana siffar a kan allo mai kaurin rabin inci, kafinta ya yanke, ka sassaƙe gefe ka goge da sanfefa, ka dakushe tsinin. Shafa baƙin fenti, in ya bushe ka kankare bakin fensir ka murza garin da tsumma, zai ba ka duhun ƙarfe wanda fentin azurfa ba ya bayarwa. Makarin hannu a yanke shi daga fata mai kauri, a jiƙa, a lanƙwasa a kan kwano ya bushe. Ƙaramar bindigar zamanin mai ƙanƙara ce, 'yar'uwar bindigar toka ta maharba, ita ma da katako zalla za ka sassaƙa ta, bakinta a toshe. Ka sanar da hukumar tsaro ta yankinku kafin ranar wasa, kuma kada ka bi ta shingen bincike da ita a ɗamara. A cikin akwati ake tafiya da ita.

Kuɗin da suke rabawa galibi azurfar Sifaniya ce da ake bugawa a Potosi da Lima da birnin Meziko, kowace wajen giram 27, gefenta a karkace saboda da guduma ake buga ta. Wannan ya sauƙaƙa maka: sassaƙa guda ɗaya da gicciye a fuska ɗaya, ka kai wa masu zubin tukwanen alminiyam su zuba maka 50 a yashi. Kada a sa dalma, guba ce, yara kuma za su kai baki.

Tuta ba dole sai ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu ba. Ɗaya daga tutocin Roberts hotonsa ne tsaye a kan ƙoƙon kai biyu, alamar gabarsa da tsibiran Barbados da Martinique. Yanke siffar da ka zaɓa daga farin ƙyalle sau biyu, ka ɗinka a fuskokin baƙin yadi duka biyun. In ta ɗan karkace babu komai, masu ɗinka filafilin jirgi ne suke yin ta da ragowar yadi.

Sansani

Dalilin saukar 'yan fashin tudu sananne ne. Jirgin katako a ruwan zafi yakan tara ciyawa da dodon-koɗi a ƙasansa, ga wata tsutsa mai huda itace, don haka bayan 'yan watanni sai a nemi lungun tsibiri, a sauke kaya, a kwantar da jirgin a gefensa a kankare. Duk abin da ke sansanin daga jirgi ya sauko. Rumfarka ta zama filafilin jirgi ne da aka yafa a kan sanda.

Haɗa falle uku na yadi mai kauri, kowanne yadi huɗu da rabi, ka ɗora bakin wannan a kan na wancan inci ɗaya ka ɗinke sahu biyu. Naɗe gefuna, ka bi su da igiyar rama kana ɗinke ta a jiki da basilla, ka bar hanci a kowace kusurwa. Kafa dirkoki biyu masu tsayin ƙafa 7, ka gitta sanda, ka yafa yadin, ka ja kusurwoyin zuwa turaku na itace, bayan rumfar ya fuskanci iska. Igiyar leda mai launin shuɗi ko ɗorawa ita ce ta fi tona asirin sansani, kada ko taƙi ɗaya ya shigo. Don ruwan sama, narka kakin zuma a cikin gwangwanin da ka tsoma a tukunyar ruwan zafi, ka shafa da buroshi, ka shimfiɗa a rana ya shige. In ka yi amfani da man lilin na masu fenti, tsummokaran da ka goge hannu da su ka baza su a fili su bushe, domin in aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya kama wuta da kansu.

Kujerar matuƙi da teburinsa da ma'ajiyarsa duk akwatinsa ne. Allo shida ake haɗawa, tsawo inci 34, ƙasan ya ɗan fi saman faɗi don kada ya kife in jirgi ya yi tangaɗi. Maƙeri ya ƙera maka ƙusoshi masu kai huɗu da maratayan murfi, hannuwan kuma na igiya, a zura su ta cikin guntun katakon da aka kafe a gefe. A cikinsa za ka ɓoye waya da gorar ruwa da maganinka. Wajen maƙerin nan ka karɓo ƙarafa uku masu haɗe da zobe a sama don rataya tukunya, da ƙugiya, da ƙyastu na kunna wuta. Akushi da cokalin katako da tulu sun wadatar. Fitila kuwa, cika gwangwani da ruwa ka sa a firji ya daskare, ka huhhuda shi da ƙusa ba tare da ya lotse ba, ka ƙona fentin jikinsa, ka kafa kyandir a ciki. A dokokin jirgin Roberts ƙarfe 8 na dare ake kashe fitilu, kuma an hana caca da kuɗi, kuna iya sa wannan cikin wasanku.

Abincin da za ka ajiye a gaban rumfa shi ne busasshen biskit na jirgi. Kwaɓa fulawa kofi huɗu da ruwa kofi ɗaya da kwata da gishiri kaɗan, ba yis ba mai. Murza kaurin rabin inci, yanka faifai, huhhuda da tsinke, gasa a wuta marar ƙarfi awa biyu zuwa uku, washegari ka sake mayarwa ya ƙarasa bushewa. Kada kowa ya gwada shi da haƙori sai an jiƙa a romo. Su giya suke sha, kai ka zuba baƙin shayi a kofinka, daga nesa ba mai bambancewa.

Abu na ƙarshe, sabon ɗinki yana da wani haske da ba ya ɓuya. Kada ka yayyaga shi da reza ko ka watsa masa fenti, matuƙi mutum ne mai allura, duk inda ya yage faci yake yi. Tsoma kayan a ruwan shayi mai sanyi, ka bar su a rana kwana uku kana juyawa, sannan ka sa su ka faskara itace, ka ɗebo ruwa, ka zauna kusa da hayaƙi. Gwiwa da gwiwar hannu da wuyan riga za su fara canza launi da kansu. Inda ya fara sakin zare, yanko ƙyalle mai launi daban kaɗan, ka naɗe bakinsa ciki, ka ɗinke shi da zaren da ka ja a kan kaki.